RA'AYINMU: Mu Cire Man Ayu Daga Cikin Hajarmu

A shekarar 2021 gwamnatin Amurka ta haramta wa masu yawon buɗe ido yin iyo tare da wani nau'in dolfin a tsibiran Hawai, ko kusantarsu da ƙasa da yadi 50. Dalili kuwa shi ne, dabbobin nan da dare suke neman abinci, da rana su huta kusa da gaɓa, 'yan kallo kuma suna hana su sakat.

Mai karatu a Zangon Wagadugu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda ba mu da teku. To, muna da ayu a kogin Kwara da Binuwai, kuma abin da ke damunsa ya fi kallo muni. Masunta na kashe shi saboda nama da mai, kuma kuɗin da ke tura su cikin ruwa daga kasuwa yake fitowa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ana sayar da man ayu a rumfunan magungunan gargajiya da na kayan mata, ana kuma tsallaka iyaka da shi.

Ayu ba ya hayayyafa kamar kifi. Macen kan ɗauki ciki na kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta shayar da shi, sannan a yi shekaru kafin ta sake haihuwa. Idan aka kashe uwa, ɗan da ke shan nono da wuya ya rayu.

Haka kuma doka ba ta tare da mai wannan sana'a. Tun 2013 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin ayun Afirka da sassan jikinsa tsakanin ƙasashe, kuma Burkina Faso da Nijar da Nijeriya da Benin duk suna cikin yarjejeniyar. Ɗan kasuwar da aka kama da kwalba guda a Gaya ko Malanbil ko Sinkase yana iya jawo wa sauran kayansa tsaiko da asara.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su faɗakar da mutanensu, direbobi kuma su daina karɓar saƙon da ba su san abin da ke ciki ba. Su ma jami'an kwastan da na gandun daji, ya kamata su bayyana dokar da Hausa a kasuwanni kafin kame. Idan mai saye ya janye hannu, masunci zai ajiye mashi.