Kuɗin Kwashe Shara: A Sa Mana Rana

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san bashin da ba a sa masa rana ba ya kusa zama kyauta. Shi ya sa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, ta umarci a rubuta bashi a kuma ambaci ajalinsa. To me zai hana mu nemi haka a kan kuɗin tsaftar garin Potiskum?

Kwashe shara ba alfarma ba ce. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa ta cikin ayyukan ƙaramar hukuma, tare da banɗakunan jama'a da kula da kasuwanni. Jiha kuma tana da hukumar kare muhalli, YOSEPA. A da, in an yi magana sai a ce kuɗin yana maƙale a asusun haɗin gwiwa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko an cika hukuncin ko ba a cika ba, lissafi ne zai nuna.

Abin da nake kira a kai ba shi da wuya. Duk wata uku, cikin mako biyu da ƙarewarsu, a liƙa takarda a sakatariya da ƙofar kasuwa, da Hausa: nawa aka ware, nawa ya fito, mota nawa ke aiki, wace unguwa aka yashe wa kwata, ɗan kwangilar wane ne. In rana ta wuce babu takarda, a tsayar da kaso na gaba. Nan ne fa maganar take. Rahoton da za a kawo "in an kammala" ba rahoto ba ne, shekara uku ma sai ta wuce.

Na san masu cewa laifin namu ne, mu ke jefar da ledar fiya wata a lambatu. Gaskiya ne, kuma muna faɗa a masallaci har murya ta dushe. Amma matar da ta share gidanta ta tara shara a bokiti, ina za ta kai in babu wurin zubawa? Tun zamanin Buhari da Idiagbon ake fito da talaka shara da bulala. An fi shekara arba'in talaka na da ranarsa, mai riƙe da kuɗi ba shi da tasa.

Kuma garin nan ba matalauci ba ne. Ku dubi kara ranar Laraba, tireloli nawa ke lodin shanu zuwa Kudu, kowace da rasit ɗinta. Mai karɓar haraji ba ya makara ko da kwana ɗaya, wallahi ko ana ruwa zai zo.

Akwai ma doka a hannunmu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa takardar mai neman bayani. Ƙungiyar 'yan kasuwa, mai unguwa da limamai mu sa hannu a takarda ɗaya, mu kai wa kansilanmu da sakatariya, a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata. A yi shi kafin ruwan farko ya sauka, tun kwatoci ba su cika ba.