Masu Kasa Hawayen Fursuna a Kasuwa

Akwai wani nau'in fim da masu kare shi ke da'awar wai yana tona asirin zaluncin da ake yi a kurkukun mata. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. A 1971 kamfanin Roger Corman na Amurka ya fitar da The Big Doll House, a 1972 ya biyo da The Big Bird Cage, duka an ɗauke su a ƙasar Filifin saboda arahar aiki. Abin da ke ciki kuwa bulala ce da tsiraici da keta haddi, na'urar ɗaukar hoto tana bin al'aurar wadda ake azabtarwa, subhanallahi! Wanda yake nufin a tausaya wa fursuna, me ya kai shi tuɓe ta a gaban masu sayen tikiti?