Sharhi: Makomar lantarkin iska a ƙauyukan Alaska tana hannun kanikawan gida

Guguwar Halong da ta afka wa gaɓar yammacin jihar Alaska ta Amurka a watan Oktoban 2025 ta raba ɗaruruwan mutane da muhallinsu a Kipnuk da Kwigillingok. Ƙauyukan biyu na ƙabilar Yupik, 'yan asalin yankin, suna cikin guda huɗu da suka kafa ƙungiyar Chaninik a 2005 domin samar da lantarki daga iska. Sauran su ne Kongiganak da Tuntutuliak.

Babu titin mota da ya isa waɗannan ƙauyuka, kuma ba a haɗa su da babban layin lantarki ba. Jirgin ruwan dako ne ke kawo musu man dizal kafin koguna su daskare, shi ya sa wuta da ɗumama gida ke cinye kaso mai yawa na abin da iyali ke samu.

Tun a farkon shekarun 1980 gwamnati ta kakkafa ƙananan injinan iska a sassan jihar, amma akasarinsu suka tsaya ba da jimawa ba. Iska ba ta yi ƙaranci ba, mai gyara ne babu. Inji kan yi wata da watanni a tsaye ana jiran ƙwararre ya zo ta jirgin sama daga birni, da kuɗinsa mai tsada.

Chaninik ta bi wata hanya dabam. Ta zaɓi tsofaffin injinan Windmatic da aka sabunta, masu ƙarfin kilowat 95 kowanne, irin waɗanda ba su da sarƙaƙiya. Biyar aka kafa a Kongiganak. Sannan aka horar da mazauna ƙauyukan su hau hasumiya, su canza mai, su gano matsala da kansu, har ma su kai wa maƙwabta ɗauki. Rarar wutar kuwa ana tura ta cikin murhunan bulo da ke adana zafi a gidaje. Albashin kanikawan ba shi da yawa, sai dai a garin da aikin albashi ke wuya, kuɗi ne da ke zama a gida.

A nan ne ɓarnar guguwar ta fi ban tsoro. An kwashe mazauna ƙauyukan biyu zuwa Bethel da Anchorage. Ana iya sayen sabuwar farfela cikin watanni, amma kanikan da ya yi shekaru yana koyon aikin, idan ya samu aiki a Anchorage, ba lallai ne ya koma ba.