Naman Layya, Guzurin Hanya da Hawan Dutse

Bara, kwana uku bayan Babbar Sallah, yara suka matsa mini lallai sai mun je mun hau dutsen Kufena da ke bayan garin Zariya. Na amsa musu da ƙarfin gwiwa, domin dutse ne da muka sha hawa muna samari. Ban kai rabinsa ba numfashi ya ƙare, gwiwoyi suka ɗauki rawa, na nemi inuwa na zauna. Ina nan zaune wata tsohuwa ta wuce ni da ƙunshin itace a ka, ta ce, "Sannu Alhaji, ko ba lafiya?" Lafiya lau nake. Abin da ya zaunar da ni shi ne abin da na zuba wa cikina tun daga ranar Idi.

Kada wani ya ɗauka zan hana shi cin naman Sallah. Shari'a da kanta ta haramta azumi ranar Idi, kuma ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa kwanakin da ke biye da ranar layya kwanaki ne na ci da sha da ambaton Allah. Ana ma so mutum ya kame bakinsa da safiyar Babbar Sallah har ya sauko daga Idi, ya fara da naman layyarsa, saɓanin Ƙaramar Sallah da ake so a ci wani abu kafin a fita. Ci dai halal ne, har da lada. Amma ayar da ta yi izinin ci da sha a Suratul A'araf, watau aya ta 31, ita ce kuma ta hana ɓarna, a wuri guda.

Inda wuyar take shi ne zumunci. Mutumin da ya baro wurin aiki ko kasuwa ya zo gida sau ɗaya a shekara ba shi da ikon cikinsa. Da safe mahaifiya ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe. Kafin azahar ka je gaida gwaggo, an ajiye maka waina. Gidan surukai kuwa ba a magana, domin can an soya naman tun jiya, an zaɓe maka tsoka, ga lemon kwalba a gefe. Ka ce ka ƙoshi, a ce ka zama ɗan birni, ko kuwa ka raina abincin gida. Na san tsofaffin da ke riƙe irin wannan a zuci har wata Sallar. To, ina mafita?

A ganina mafitar tana cikin lissafi tun daga gida. Wanda ya san gidaje biyar zai shiga yau, kada ya cika tumbinsa a na farko. Ya sa hannu a ko'ina, ya yi loma biyu ko uku, ya yaba wa mai girki, sa'an nan ya roƙi a ƙunsa masa sauran ya tafi wa yara da shi. Ban taɓa ganin tsohuwar da ta ji haushin an ce a ƙunsa ba; murna ma take yi. Ma'aunin kuwa sananne ne daga hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib, wanda Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Kason numfashin nan shi ne na cinye a gidajen dangi, na je nemansa a Kufena ban samu ba.

Kuma babu dalilin gaggawa. An taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabukata da suka shigo Madina, daga baya aka ɗage hanin. Saboda haka bayan an yi sadaka an yi kyauta, sauran a soya, ko a yi dambu ko kilishi, a riƙa ci kaɗan-kaɗan. Mai hawan jini dai ya kula da gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali guda, soyayyen naman Sallah kuwa kowa ya san yadda ake barbaɗe shi.

Sai maganar hanya. Yin guzuri ba rashin tawakkali ba ne. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mutanen Yaman sukan fito aikin Hajji ba guzuri, suna cewa sun dogara ga Allah, in sun iso Makka kuma su shiga roƙon mutane, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin a yi guzuri. A lokacin Hijira ma, cikin shekarar 622, Asma'u 'yar Abubakar ce ta haɗa guzurin tafiya, da ta rasa abin ɗaure shi ta tsaga ɗamararta biyu, abin da ya zame mata laƙabi har yau.

Kakanninmu fatake sun san abin da ke jure hanya: dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, kilishi, garin fura. Mu kuwa sai mu zuba shinkafa da miya a kula tun asuba, mu jefa bayan mota cikin zafi, a buɗe bayan la'asar a ba yara. Dafaffen abinci in ya wuce awa biyu a waje cikin zafi ya fara zama abin tsoro, balle a but ɗin mota. Wanda kuma ya tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos ya sayi tsire ko balangu, ya sa a mayar masa kan wuta ya gani da idonsa. Babban abin da na fi jin tsoro shi ne direban da ya cika ciki da sakwara da rana tsaka ya koma kan sitiyari. Gyangyaɗi ba ya sallama, kuma rayukan da ke cikin motar amana ce a wuyansa. Ya ci kaɗan, ya sha ruwa, ya sauka ya miƙe ƙafa. Tsayawa salla ma hutu ne, kuma a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 ana yin ƙasaru a cikinta.

Hawan dutse kuwa, wasu na ganin aikin yara ne ko na Turawa masu yawon buɗe ido. Su tuna cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan hau zuwa kogon Hira da guzurinsa ya kwana da yawa, in ya ƙare ya sauko wurin Nana Hadiza ya sake wani. Dutsen nan ya haura mita 600. Hawansa ba ya cikin ayyukan Hajji, kada alhaji ya wahalar da kansa yana zaton wajibi ne. Amma Hajjin kansa aikin ƙafa ne. Sa'ayi kaɗai, kai da komowa bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa daga Mina. Ɗan kasuwar da ke wuni a kan benci a Kantin Kwari, da ma'aikacin da daga kujerar ofis sai kujerar mota, suna tara kuɗin kujera shekara da shekaru, amma ba su tanadi ƙafar da za ta yi aikin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ya bar mota a gida ya taka zuwa masallaci sau biyar a yini ya kama hanyar cika wannan.

Bana na yi wa yaran alkawarin za mu koma Kufena. Sharaɗin da na kafa wa kaina shi ne mu fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, da gorar ruwa da dabino a aljihu, tuwon gwaggo kuwa sai mun sauko. Mai ciwon zuciya ko ciwon suga da ke son bin mu, ya fara ganin likitansa tukuna. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.