Rana Ba Ta Ƙarya

Akwai wasu littattafai da a ke ba da labari a cikinsu da zane, hoto na bin hoto, maganar kowa kuma a rubuce kusa da bakinsa. A Amurka wata-wata a ke fid da su, ko wane ɗaya shafi ashirin da 'yan kai. Aikin kuwa na mutum da yawa ne: wani ya tsara labari, wani ya zana da fensir, wani ya bi da tawada, wani ya sa launi, wani ya rubuta kalmomi. In mai fensir ya yi nawa, duk na bayansa sun tsaya ke nan.

To, akwai wata magana da waɗansu masu zane su ke fakewa da ita. Sai su ce wai aiki mai kyau ba ya son gaggawa, wai makara ita ce kuɗin kyau. Wannan magana da daɗin ji ta ke, amma rabinta ruɗi ne. Gama in kuɗi ne, lalle a tambaya: wa ke biya?

Ga amsa. A 1992 shahararrun masu zane bakwai su ka bar kamfanin Marvel, su ka kafa nasu mai suna Image. Jama'a ta yi rububin littattafansu, amma ba a jima ba sai makara ta zame musu tambari. A 1993 su ka haɗa gwiwa da kamfanin Valiant a kan wani labari, Deathmate, wanda aka kasa littafi shida. Kason Image ya yi watanni bai fito ba, har littafin da ya rufe labarin ya riga wani na tsakiya isa kasuwa. Watau an kai gawa kabari, sa'an nan aka zo da labarin ciwo.

A can kuwa ƙa'idar cinikin ita ce mai kanti ya faɗi yawan da ya ke so tun watanni kafin littafi ya fito, kuma ba a karɓar kwantai. Saboda haka da littattafan su ka iso, zumuɗin masu saye ya riga ya huce, aka bar masu kanti da tulin takarda. A 'yan shekarun da su ka biyo kantuna masu yawa su ka rufe. Ba makara kaɗai ta kashe su ba, don akwai masu sayen littafi su ɓoye da fatan ya yi tsada, waɗanda su ka watse gaba ɗaya. Amma makara ta sa hannu. Mai zane ya sami suna, ƙaramin ɗan kasuwa ya biya.

Masu waccan magana su kan kawo hujja da Watchmen, na Alan Moore da Dave Gibbons, littafi 12 da su ka fito daga 1986 zuwa 1987. Na ƙarshensu ya makara, ga shi kuwa har yau ana karanta shi, an manta da jiran. Gaskiya ne. Amma gwaninta ce ta kyautata shi, ba makara ba. Littattafai nawa su ka makara, su ka fito kuma ba kan gado? Jack Kirby ya zana Fantastic Four littafi 102 a jere, daga 1961 zuwa 1970, yana kuma zana waɗansu a lokaci guda, aikinsa kuwa har yanzu masu koyo na duba shi. Ashe kiyaye rana bai hana kyau ba.

Kada mai karatu ya zaci ana cewa a kora mai zane da bulala. Sauri ya kan haifi nawa, kuma ba kowa ne Kirby ba. Wanda hannunsa ba ya iya fid da shafi guda a yini, akwai hanya dominsa. A Faransa da Beljiyam an saba fid da littafi mai shafi 48, sau da yawa guda ɗaya a shekara. Hergé, mai Tintin, ya yi shekara takwas, daga 1968 zuwa 1976, bai fid da sabon littafinsa ba. Masu karatu sun ƙosa, amma ba alkawarin wata-wata ya karya ba, don bai ɗauka ba.

Nan ne gaɓar maganar ta ke. Maɗinkin da ya ce rigar nan mai aska takwas sai bayan wata uku, ba wanda zai zarge shi. Amma wanda ya karɓi yadi da kafin alkalami, ya rantse za a sa ta ran Salla, sa'an nan ya ɓuya ran jajibere, kyan surfaninsa ba ya wanke shi. Mai zane ya auna hannunsa tukuna. Kamfani kuma kada ya yi shelar littafi sai an gama zana shi, ko an tara isasshe a ajiye. In an yi haka, kyau da lokaci ba su da abin faɗa.

Wanda ya ke son jinkiri, ya yi jinkirinsa kafin ya sa rana. In ya sa, to, rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.