Kafin Mu Ce Nauyin Baki Ne



Daga Damba a Gusau har Tsafe da Bunguɗu, duk mun san labarin nan. Yaro ya kai shekara uku bai fara magana ba, kakarsa ta ce nauyin baki ne na gado, maƙwabciya ta ce iska ce. Sai an kai shi makaranta ake gane ashe tun farko ba ya ji, bayan shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe sun shuɗe.

Alhali akwai gwajin da za a iya yi wa jariri tun kafin suna. Na farko ana ce masa OAE. Ana saka ɗan abu mai laushi a kunnensa yana barci, na'ura ta saki siririn sauti, idan cikin kunnen lafiya yake sai ya mayar da amsa-kuwwa, na'urar ta kama. David Kemp ne ya gano hakan a Landan a 1978. Na biyu, AABR, ana manna 'yan faifai a goshi da bayan kunne, a ga ko sautin na bin jijiya yana isa ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu zafi, 'yan mintoci ne. Wanda bai tsallake ba ana maimaita masa, don wani lokaci ruwan haihuwa ne ya toshe kunnen. A Amurka ƙa'idar ita ce gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, taimako kafin wata 6. Tafin da muke yi a bayan jariri ba ya maye gurbin wannan, don iskar hannu kaɗai tana iya sa shi ya motsa.

Za a ce ai matanmu da yawa a gida suke haihuwa. Gaskiya ne. Amma a Legas, likitar yara Bolajoko Olusanya ta nuna ana iya yin gwajin a wurin allurar BCG, inda har masu haihuwar gida ke kai jariransu. Mu a Zamfara mun fi buƙata, tunda shawarar jarirai da sanƙarau, irin wanda ya addabe mu a 2017, suna kurumtar da yara.

Ina namu laifin? A littattafanmu kurma abin dariya ne, ko wanda aka yi wa sammu. Mun daɗe muna koya wa uwa ta nufi gidan boka. Mu rubuta uwar da ta tambayi ma'aikaciyar jinya ranar rigakafi, da uban da ya kai ɗansa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, da yarinyar da ta girma da maganar hannu cikin mutunci. Mai karatu ɗaya da ya tambayi gwajin nan a Asibitin Tarayya na Gusau saboda labarinmu ya ishe mu lada.

Sai mun ga rubutunku a ƙasa.