Wai Haka Allah Ya Yi Zuciyata

A zangon da ya wuce na mari wani yaro ɗan aji ɗaya a bakin famfo, don kawai bokitinsa ya taɓa nawa. Da malamin da ke kula da ɗakin kwananmu ya tambaye ni dalili, sai na ce ni mai zuciya ne, haka Allah ya yi ni. Wannan amsa kowa ya san ta a makarantar kwana, manyanmu ma a gida suna ba da ita. Ni dai yanzu ina ganin ƙarya ce muke jingina wa Allah.

Mu Hausawa mun sa murna da ɓacin rai a ciki, shi ya sa muke cewa farin ciki da baƙin ciki. Zuciya kuwa mun fi ba ta fushi, in an ce wane ya yi zuciya an san abin da ake nufi. A Littafi Mai Tsarki ba haka abin yake ba. Kalmar Ibrananci ita ce leb, watau wurin da mutum yake tunani, ya auna magana, ya yanke shawara. Da Sulemanu ya hau sarauta, a 1 Sarakuna 3:9, zuciya ya roƙa wadda zai yi shari'a da ita, aikin da mu za mu ce na hankali ne. To, in zuciya ce ke yanke shawara, ashe marin nan shawara ce na yanke.

Wani zai ce, Fir'auna fa? Ba Allah ne ya taurara masa zuciya ba? Wannan ta dame ni ƙwarai, har na zauna na bi Littafin Fitowa annoba bayan annoba. Gaskiya ne tun a sura 4 Allah ya gaya wa Musa zai yi haka. Amma bayan annobar kwaɗi, a 8:15, Fir'auna ne da kansa ya taurara zuciyarsa da ya ga sauƙi ya samu. Haka ya sake yi bayan ƙudaje, a 8:32. Sai a annoba ta shida, ta marurai, a 9:12, aka fara cewa Ubangiji ya taurara ta. Mutumin ya daɗe yana daɓe ƙasar kafin a bar shi da daɓensa.

Mahaifina yana lambu a fadama wajen Gwaram, don haka Karin Magana 21:1 ba ta ba ni wuya ba, inda aka kwatanta zuciyar sarki da ruwan da Allah yake juyawa. Na sha ganin Baba ya sa fartanya ya buɗe wannan fangali ya toshe wancan, ruwa ya bi. Ikon nasa ne, ba gardama. Sai dai ku je Dutsen Habude nan Birnin Kudu da damina, inda zanen shanun nan na mutanen dā yake. Ruwan da ke raya gero shi ne ke sauka a kan dutsen, ya gangare, bai shiga ba. Irin wannan zuciya Ezekiyel 36:26 ta kira ta dutse, Allah kuma ya yi alkawarin musanya ta da ta nama. Da taurin kai halitta ce da ba ta sākewa, da bai yi alkawarin ba.

Abokina Musulmi da muke gado sama da ƙasa ya ce su ma a Arba'una Hadisi sun karanta batun tsoka guda a jiki wadda gyaruwar sauran jiki ke rataye da ita. Shi ne ma ya matsa mini in je in ba yaron haƙuri, ni ɗan babban aji, a gaban 'yan ajinsu. Na kwana uku ina jan ƙafa kafin in je. Ya ce ba komai, amma har yau in ya hango ni a layin famfo sai ya ɗauke bokitinsa ya koma baya.